Tausa tana kwantar da fargaba, ko idona ne kawai?

Autar Inna (Ƙofar Marusa):
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Tambaya ce da ni, kuma don Allah wanda ya sani ya gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Yau wata bakwai ke nan da muka ɗauko mahaifiyarmu daga wani ƙauye a yankin Batsari, bayan daren da 'yan bindiga suka shiga musu. Alhamdu lillahi ko ƙwarzane ba ta samu ba, amma a cikin gero ta kwana ita da jikoki biyu, ta toshe wa ƙaramin baki da gefen zaninta, suna jin harbi har gari ya waye. Tun daga ranar Inna ba ta dawo daidai ba. Da rana ba ka ce komai na damunta ba, tana tsince mini wake, tana wasa da yara. Ana idar da isha'i abin zai taso. Ta ce gabanta na faɗuwa, ƙirjinta kamar an aza mata turmi, tafin hannunta ya jiƙe sharkaf, wuya ya sanƙare. Babur ya ratsa lungunmu da gudu, sai ta miƙe zumbur tana laluben takalmi.

Wani dare ta ce ƙafafunta na zugi. Na ɗauko man kaɗanya, na ɗora ƙafar bisa cinyata ina murzawa a hankali, daga tafin ƙafa zuwa dunduniya, sannan na koma kafaɗu da ƙeya. Kafaɗun nan kamar icce. Can sai na ji ta sauke doguwar ajiyar zuciya, ta fara ba ni labarin wata akuyarta da ta bari a gida, tana cikin labarin barci ya sace ta. Ba ta motsa ba sai kiran assalatu, abin da rabonta da shi tun damina.

Tun daga nan kullum nake yi mata. Wata rana ya yi aiki sosai, wata rana kaɗan. Yayanmu ya ce wahalar da kaina nake yi, tausa ta gajiya ce, abin da ke damun Inna sai rubutu da addu'a. Ni dai ga abin da idona ya gani. Shin tausa na rage fargaba da gaske? Akwai illa in na ci gaba? Kuma ita kaɗai ta isa?

Maman Biyu:
Allah sarki Inna, Allah Ya ba ta lafiya, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ki ci gaba 'yar uwa, wallahi ba idonki ba ne. Da na haifi tagwayena na yi wajen wata biyu da zarar magariba ta yi sai kuka ya zo mini, ina ganin kamar ɗayansu zai daina numfashi in na rufe ido. Kakata ce ta zo mini zaman jego, kullum bayan wanka sai ta kwantar da ni ta bi bayana da man shanu tana dannawa da tafin hannu. A wannan rabin awar kaɗai tunani ke sakina.

Baban Yara (Daura):
Allah Ya ba Inna lafiya. Amma ni ina bayan yayanki. Fargaba a zuciya take, ba a kafaɗa ba. Allah Ya ce da ambatonSa zukata ke natsuwa, aya ta 28 a Suratur Ra'ad. Tausa mun san ta, ta manomin da ya wuni yana huɗa ce, ko ɗan dako. Ku dage mata da azkar na safe da yamma, a riƙa yi mata tofi.

Malamin Islamiyya (Sabuwar Unguwa):
Baban Yara, ayar babu ja a kanta. Sai dai ban ga inda ta hana hannu ba. Nana A'isha ta ruwaito, yana cikin Buhari, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan zai kwanta yakan haɗa tafukansa ya tofa, ya karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ya shafe abin da ya iya na jikinsa, ya fara da kai da fuska, har sau uku. Da ciwonsa ya tsananta ita take karantawa ta shafa masa da hannunsa. A Muslim kuma ya umarci Usman ɗan Abil As ya ɗora hannu inda ke masa ciwo, ya yi Bismillah sau uku, ya nemi tsari sau bakwai. Kar a ɗauka na ce wannan ita ce tausar asibiti. Ina dai nuna cewa karatu da ɗora hannu sun saba tafiya tare.

Auta, ki riƙa karanta mata "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan" hannunki na kan kafaɗarta. Ladan hidimar uwa kuma daban yake.

Nas Mai Aikin Dare:
Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da kika gani yana da dalili a jiki. Idan mutum ya tsorata jiki na sakin sinadarin adirenalin: zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, gumi ya karyo, naman wuya da kafaɗa ya ɗaure, duk don a samu ƙarfin gudu ko kare kai. Daren da Inna ta kwana cikin gero wannan shirin ya amfane ta. Matsalar, har yau jikinta bai yarda an baro ƙauyen ba. Duhu ya yi, babur ya wuce, sai ya sake ɗaura ɗamara. Akwai kuma wani sashe na jijiyoyi da aikinsa kwance ɗamarar ne, ya rage bugun zuciya, ya kawo barci. Shafa a hankali daga hannun wanda ka amince da shi, da dogon numfashi, suna cikin abubuwan da ke taimaka masa. Baban Yara, shi ya sa zan ce fargaba tana kafaɗa ma. Ka taɓa wuyan mai ita ka ji.

Tambayarki ta uku ce ta fi tsaya mini. A'a, ita kaɗai ba ta isa ba. Faɗuwar gaba da nauyin ƙirji a jikin dattijuwa ba a yanke musu hukunci a gida. Ciwon zuciya na zuwa da wannan kama, haka ƙarancin jini, haka tayirod, wato abin nan na gaban wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, idan yana aiki fiye da ƙima. Sukari in ya faɗi ma yana sa rawar jiki da gumi. Sannan wanda ya ga tashin hankali, ya haura wata guda yana zabura, yana mafarkin abin, yana gudun duk abin da zai tuna masa, wannan ciwo ne sananne wurin likitocin ƙwaƙwalwa, kuma babban maganinsa zama ne ana tattaunawa da wanda ya koyi aikin.

Tana cin goro? Shayi fa da dare?

Autar Inna:
Anti Nas na gode, Allah Ya saka da alheri. Goro kam ba a magana, bakin zaninta ba ya rabo da shi, takan ci uku a wuni har bayan magariba, ta ce shi ke ɗebe mata kewa. Shayi kuma ni nake dafa mata mai kauri da dare don ta ji daɗi. Awon jini rabonta da shi tun kafin mu taho da ita.

Nas Mai Aikin Dare:
To ga wani abu a hannunki. Goro da ganyen shayi duk suna da kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi, yana ƙara bugun zuciya yana korar barci, kuma bayan wajen awa 5 da ci rabinsa na nan a jiki. Kar ki ƙwace mata farat ɗaya, ciwon kai zai kama ta kuma za ku ɓata. Ki lallaɓa ta ta tsaya daga azahar. Da dare ki dama mata kunu.

Likitan Gashi:
A sashen gashin ƙashi na asibiti nake aiki, tausa na cikin abin da aka koya mana, bari in sa baki.

Kuskuren da na fi gani shi ne ƙarfi. Mutanenmu sun ɗauka in ba a ji zafi ba to ba a yi tausa ba, har ka ga an ɗora yaro bayan tsoho yana tattakawa. Wannan ko don gajiya ba na son shi ga tsofaffi, ƙashinsu ya yi rauni. Don kwantar da hankali kuwa, sannu ake bi. Masu bincike a Suwidin sun nuna akwai wasu siraran jijiyoyi a fatar da gashi ke fitowa, kamar dantse da baya, waɗanda suka fi amsawa idan ana shafa da saurin santimita 1 zuwa 10 a sakan guda, da hannu mai ɗumin jiki. Daidai yadda uwa ke shafa bayan jaririnta ke nan, ba tare da kowa ya koya mata ba.

Hajiya, ki murza man a tafinki ya yi ɗumi tukuna. Ta zauna yadda ta ga dama, in ta fi son fuskantar ƙofa ki bar ta, masu firgici ba sa son abu ya zo musu ta baya. Ki faɗa mata inda za ki taɓa kafin ki taɓa. Ki aza tafukanki biyu a kafaɗunta ki bar su nan ba motsi kamar numfashi biyar, sannan ki fara ja daga gindin wuya zuwa bakin kafaɗa. Naman da ke tsakanin wuya da kafaɗa ki kama shi da cikin hannu kamar mai kwaɓa fulawa, ki saki a hankali. Ƙeya kuma da babban yatsa, ƙananan zagaye. Minti 15 zuwa 20 ya wadatar. Ki riƙa jan numfashi ta hanci kina fitarwa a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, za ki ga ta bi ki da kanta.

Gaban wuya da gefensa inda jijiya ke harbawa ba a dannawa. Haka wurin rauni, ƙurji ko targaɗe, kuma in tana zazzaɓi a bari. Mai ciwon sukari a duba tafin ƙafarsa da kyau, wasu ba sa ji ko an ji musu ciwo. Mafi haɗari shi ne ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓa ya ɗau zafi yana ciwo. Wannan na iya zama jini ne ya daskare a jijiya, in aka murza gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Asibiti kai tsaye.

Batun bincike kuwa, a 2004 wasu masana a Amurka sun tattara gwaje-gwaje 37, suka ga tausa sau ɗaya na rage fargabar wannan lokacin da bugun zuciya, in aka jera ta kuma tana rage damuwar da ta zauna wa mutum. A 2016 a Jami'ar Emory da ke Atilanta an gwada mutum 47 masu ciwon fargaba, wasu ana musu tausa, wasu ɗora hannu kawai, sau biyu a mako har mako 6, masu tausar suka fi samun sauƙi. Amma akwai na Siyatil a 2010: mutum 68 aka kasa uku, wasu tausa, wasu gashi da tawul mai ɗumi, wasu kwanciya kawai a ɗaki shiru ana sa musu sauti mai taushi. Duka ukun sun samu sauƙi, tausa ba ta ɗara sauran ba.

Ɗan Jami'a:
Yallaɓai, ai na ƙarshen nan ya rushe maganar. In kwanciya a ɗaki shiru daidai take da tausa, ke nan hutun ne da kulawar ke aiki. Sannan mutum 47 ko 68, ko ajinmu ya fi haka yawa. Ni ina ganin abin da ya yi wa Inna amfani shi ne 'yarta ta zauna kusa da ita.

Likitan Gashi:
Kana da gaskiya kan yawan mutanen, shi ya sa babu likitan kirki da zai ce tausa ta maye gurbin magani. Har maganar da ake yaɗawa cewa tana zubar da sinadarin kotizol, wanda ke ƙaruwa a jiki lokacin tashin hankali, da aka sake tattara binciken a 2011 an ga ragin kaɗan ne ƙwarai. Amma ka dubi gidan da ake magana a kai. Ina Inna za ta samu ɗaki shiru na awa guda, ga yara, ga zafin nan ba wuta? Shirun ma a cikinsa take jiyo babur. Hannun 'yarta shi ne abin da ke akwai, ba ko sisi. In ka ce kulawa ce na yarda, sai dai watanni 'yar na zaune kusa da ita, barcin bai zo ba sai daren man kaɗanya.

Ɗan Jami'a:
Na ji wannan. Amma dare ɗaya ba ya zama hujja. Anti, ki riƙa rubutawa: daren da aka yi, daren da ba a yi ba, sau nawa ta farka. Ko likita zai amfana da takardar.

Mai Kayan Ƙamshi:
Akwai haɗin man tausa na musamman, yana maganin fargaba da hawan jini da sammu cikin kwana uku. Mai buƙata ya yi mini magana.

Shugaban Zaure:
Hajiya, na goge lambar. Ba a talla a gidan nan, balle a kan mara lafiya. Irin wannan maganar ce ke sa mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa. Kar a sake. Likita ya faɗa mini aikin man tausa santsi ne kawai, kaɗanya ko zaitun ko kwakwa ko riɗi, duk wanda fata ta karɓa.

Direban Hanyar Jibiya:
Ku yi haƙuri in shigo. Duk maganar mata ake, amma mu ma abin na cinmu, faɗa ne ba ma yi. Shekara biyu da suka wuce na ci karo da tare hanya, motar da ke gabana aka tsayar, ni Allah Ya ba ni sa'a na juya. Bayan nan in na kama sitiyari sai hannuna ya ɗau rawa, in ji kamar numfashina zai ɗauke. Sau biyu ina faka mota gefen titi in ce wa fasinja taya zan duba. Wani abokina ya ba ni D5 ya ce in sha in kwanta. Farko ɗaya, daga baya biyu ba ta yi mini komai, ranar da ban sha ba kuwa fargabar ninkawa take. Da ƙyar na rabu da ita, wani likita ne ya riƙa rage mini kaɗan-kaɗan.

Tausa kuma wurin wanzami na fara gane ta. Tsoho ne, in ya gama aski sai ya shafa ruwa a kai, ya kama ƙeya da yatsu yana matsawa, ya bi gefen goshi. Bai fi minti biyu ba, amma sai na ga ina komawa aski duk sati gashin ma bai tofo ba. Rannan na cire kunya na ce da mai ɗakina ta riƙa matsa mini wuya in na dawo. Ta yi mamaki, don shekara tara da aure ban taɓa ce mata ga abin da ke damuna ba. A nan na ba ta labarin hanyar, ina kallon bango tana bayana. Ido da ido da ban iya ba.

Namiji a garin nan, daga ranar da ya bar ɗakin uwarsa ba mai sake taɓa shi sai a musabaha.

Nas Mai Aikin Dare:
Malam direba, Allah Ya ƙara lafiya, kuma na gode da ka fito da batun ƙwayar. Diazepam ce. Tana kwantar da fargaba nan take, amma jiki na sabawa da ita cikin 'yan makonni, kuma yanke ta lokaci guda na iya kawo har jijjiga. Duk mai sha kar ya daina da kansa, ya je a rage masa.

Hajiya Babba (Ƙofar Sauri):
Ni tsohuwa ce, jikata ke rubuta mani. Mu da muka taso, yarinya ba ta kwanciya sai ta matsa ma kakarta ƙahwa, amarya ta matsa ma uwar miji. Wurin matsar nan ake jin abin da ke cikin tsohuwa, nan za ta hwaɗa maki wanda ya ɓata mata rai. Ɗiyata Auta, Allah Shi yi maki albarka. Abu guda zan ƙara: ki bar ta ta yi ta zancen akuyar nan, kar ki ce mata ta mance.

Uwar Marayu:
Ina so in ja hankali, kar wani ya karanta ya tafi ya kama mara lafiyarsa da tausa. Ƙanwar mijina ta yi sama da wata guda a daji hannun mutanen nan kafin a karɓo ta. Da ta dawo, ko hannunta ka kama sai ta fizge jikinta na ɓari. Wata 'yar uwa, da kyakkyawar niyya, ta zo ta bayanta ta kama kafaɗarta za ta matsa mata. Yarinyar nan ta ƙwalla ƙara ta zube, kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba. Sai da aka yi watanni, ita da kanta ta je ta zauna gaban mahaifiyarta ta cire ɗankwali ta ce a yi mata kitso. Kitson nan shi ne taɓawar farko da ta yarda da ita.

Likitan Gashi:
Hajiya kin taɓo inda ya kamata. A tambaya tukuna, in an ce a'a a bari, in an fara aka ji jiki ya ƙara ɗaurewa a tsaya. Wanda ba ya son hannun wani yana iya matsa wa kansa tafin hannu da babban yatsa, ko ya sa ƙwallon tanis tsakanin allon kafaɗarsa da bango ya jingina.

Baban Yara (Daura):
Na karanta duka. 'Ya ta matsa wa uwarta, mata ta matsa wa mijinta, wannan tarbiyya ce, na yarda. Tsorona ƙofar da ake buɗewa: gobe a ce likita ya ce tausa magani ce, matar aure ta tafi wani shago namiji ya taɓa ta. Muna ganin tallan a waya. Na biyu, Nas, kin ambaci likitan ƙwaƙwalwa. Dattijuwa mai mutunci a kai ta asibitin mahaukata don gabanta na faɗuwa? Gobe a zo neman auren jikokinta a ce gidan da taɓin hankali.

Malamin Islamiyya (Sabuwar Unguwa):
Na farkon babu saɓani: mace ga mace, namiji ga namiji, ko ma'aurata da muharramai, a kiyaye al'aura. Na biyun ne ban bi ka ba. Hadisin Buhari ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, bai ware wadda ake jin kunyarta ba.

Nas Mai Aikin Dare:
Baba, ka yi mini haƙuri, wannan tsoron shi ke sa ba a kawo mana mutum sai abu ya lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 301 ne ke fama da ciwon fargaba, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. 'Yan kasuwa ne da malamai da direbobi irin ɗan uwanmu na sama. Ɗan garinku ma, marigayi Shugaba Buhari, shi ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 ta zamanin Turawa. Kuma ba sai an fara da asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato ba. A je babban asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, likitan da ya duba ta shi zai ce ga inda za a nufa.

Maman Biyu, na dawo kanki don masu jego na karantawa. Tausar baya ba laifi. Amma mai jego na cikin waɗanda suka fi haɗarin daskarewar jinin nan, kar ungozoma ta murza ƙafar da ta kumbura ita kaɗai. Mai jegon da ke haki in ta kwanta, ƙafafu sun kumbura, zuciya na dukan tara-tara, kar a ce fargaba ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka alaƙanta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Har yau muna ganin ciwon a gadajenmu.

Maman Biyu:
Subhanallahi, ga ƙanwata na jego yanzu haka, kwana goma sha biyu. Bari in kira gida.

Baban Yara (Daura):
Allah Ya sa mu dace. Ni dai a fara da addu'a. In za a je asibitin, yayan ya raka su, kar a bar mata su kaɗai.

Autar Inna (Ƙofar Marusa):
'Yan uwa na dawo da bayani, yau kwana tara da tambayata. Na nuna wa Yaya abin da Malam da Anti Nas suka rubuta, bai ce komai ba, washegari shi ya zo da mota. An auna Inna, jininta ya hau sosai, an ɗora ta kan magani. Gwajin tayirod da na sukari lafiya lau. Likitar ta tambaye ta daren geron, Inna ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba tun da ta zo, an ba mu ranar komawa wurin wanda ke zama da masu irin lalurarta. Na yi wa likitar maganar tausa, ta ce in ci gaba.

Goro mun yi ciniki, ɗaya da safe, rabi da azahar. Ɗan Jami'a, na fara rubutun a bayan littafin 'yata. Cikin dare tara, shida ta kai asuba, biyu ta farka sau ɗaya, ɗaya kuwa ba mu runtsa ba, tayar wata mota ce ta fashe a bakin titi. Daren nan ko kafaɗar ba ta bari na taɓa ba. Na tuna maganar Uwar Marayu na ƙyale ta, muka zauna kan tabarma tana jan carbi har aka kira salla.

Likita, tambaya ɗaya. 'Yata mai shekara tara ta nace ita ma sai ta yi, yanzu ƙafar hagu tata ce, ta dama tawa. Hannunta ba ƙarfi, shafawa kawai take yi, amma Inna ta ce nata ya fi daɗi. In bar ta?

Likitan Gashi:
Ki bar ta. Ki dai yanke mata farce, kuma ta ɗumama man a tafinta kafin ta fara.